Hannun Baba a Gefen Hoto

Shagon mai hoton nan na kan hanyar Ƙofar Kaura ya koma wurin sayar da caja da murfin waya. Ban san lokacin da aka canja shi ba, don na daɗe ban bi ta wajen ba, kuma ba zan ce an yi laifi ba, tunda abin da mutane ke saye shi mai shago zai kasa. Na dai rage tafiya da na zo daidai ƙofar, na leƙa ko zan ga labulen nan mai zanen jirgin sama da ake tsayawa a gabansa. Babu shi. Wani saurayi ya taso yana tambayata irin wayar da nake riƙewa, na ce masa wucewa kawai nake yi.

A zamanin da nake tunawa, kallon hoto zama ake yi masa. Ban sani ba ko a kowane gida haka ne, amma a unguwarmu idan hoto ya zo sai an gama aikin rana, an share tsakar gida, an shimfiɗa tabarma a inuwa. Mai riƙe da shi sai ta goge hannu a zani, ta kama shi ta gefe-gefe, ta duba, ta miƙa wa ta kusa da ita. Hoton ɗan ƙarami ne, baƙi da fari, ba ya faɗin komai sai an yi masa baki. Wata za ta ce wannan tsayuwar ta mai ƙoshi ce, wata ta ce a'a, dubi wuyansa, ba ya samun tuwo a can. Idan mutum ya tsaya a gaban labulen jirgi, sai a yini ana gardama ko ya hau ko rakiya ya yi, alhali duk wanda ya taɓa bi ta Ƙofar Kaura ya san labulen. Ina jin sun sani, ba sa dai so sanin ya ɓata musu hira. Idan an gama a naɗe shi a ƙyalle, a sa a cikin kwalla ta can ƙasan jere, inda yara ba sa kaiwa. Yanzu jikokina suna da hotuna a waya da ba sa iya ƙirgawa, suna ture su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa jin an tsaya a kan ɗaya an tambayi abin da ya faru kafin a ɗauka ba. Mai yiwuwa ba su da bukatar tambaya ne, tunda an ɗauki na kafin da na bayan duka.

Mahaifina baduku ne. A zaure yake aiki, yana ɗinka kube da jaka da takalmi, ranar da ya tara ya kai Babbar Kasuwa. Abin da na fi tunawa da shi ƙara ce: bugun fata a kan guntun itace tun da hantsi, da ɗan tarin da yake yi kafin ya amsa sallama. Aikina a lokacin hutu shi ne jiƙa fata da murza zare, kuma ban iya ko ɗaya da kyau ba. Yatsunsa kullum a rine suke da jan karan dafi, wanda ko da sabulu ba ya fita duka, sannan a babban yatsansa na dama akwai tabon basilla, wato babbar allurar dukawa. Mutum ne marar yawan magana. Bai hana ni boko ba, bai kuma taɓa cewa ya ji daɗinsa ba. Hoto kuwa ba ya yi. Ba ya zagin masu yi, amma idan mai hoto ya shigo taron suna ko ɗaurin aure, sai ka neme shi ka rasa. Cewa yake, fuskar da Allah ya ba shi ta ishe shi guda ɗaya. Allah bai nufe shi da zuwa Makka ba, don haka ko ɗan hoton fasfo bai bari ba.

Da na gama jami'a a Zariya na dawo, Inna ta ce sai an ɗauke ni da rigar nan ta kammala karatu da hularta mai tuntu da ta ji ana labari. Na yi mata bayani cewa rigar aro ce, an mayar. Ta ce mai hoton Ƙofar Kaura yana da irinta. Gaskiya ne yana da ita, rataye a ƙusa, ta koɗe ta koma ruwan toka, kuma rabin samarin da suka sa ta ba su wuce aji huɗu ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don gani nake kamar ƙarya zan yi da rigar da ba ta makarantarmu ba, amma yayata, wadda ke aure a Ƙofar Guga, ta ce, “Kai Digiri, wa zai shinshina hoto ya gane rigar wa ce? Sa kawai ka tsaya.” Tun daga ranar da na dawo take kirana Digiri, har ta koma ga Allah ba ta daina ba.

Mai hoto ya zo da la'asar a kan kekensa, ya tsayar da ni a bakin zaure, duhun ƙofar yana bayana. Akwatinsa irin wanda ake rataya a wuya ne ana leƙawa ta sama, kamar mai duba ruwa a rijiya. Ya ce in ɗaga haɓa, in riƙe numfashi, kar in motsa. Na ƙame. Hankalina duk yana kan hular da ke neman zamewa da yaran unguwa da ke dariya. Na ji ƙyas, aka ce an gama. Kafin a wanke hoton na tafi bautar ƙasa a Kudu, don haka ban gan shi ba sai bayan Baba ya rasu.

Rasuwar ta zo ina can, na iso an riga an kai shi. Da aka watse daga zaman makoki, Inna ta jawo kwallar ƙasa, ta warware ƙyalle, ta miƙo mini. Ga ni tsaye kamar an dasa ni. A kafaɗata ta dama kuwa, daga gefen hoton, hannu ya shigo, daga wuyan hannu zuwa yatsu, da ɗan bakin hannun riga. Kan yatsun sun fito baƙi saboda rini. Tabon basilla ma ana iya ganinsa idan an kai hoton bakin ƙofa. Iyakar abin da ya rage na kamannin Baba a duniya ke nan.

Inna tana takaba, ba ta fita, mata ne ke shigowa gaisuwa, kuma kusan duk wadda ta zauna sai an ciro hoton. A nan na fara jin labarin. Wai Baba yana zaure yana aiki, ya ji mai hoto ya ce kar a motsa, sai ya ajiye basilla, ya taso a hankali, ya tsaya inda akwatin ba zai kama fuskarsa ba, ya miƙo hannu ya dafa ni. “Fuska ya hana,” in ji Inna, “amma hannu ya ba da. Albarkar da bai iya faɗi da baki ba ce ya sa mashi.” Wata maƙwabciya ta ce ita gani take tura ni yake yi, yana cewa je ka duniya. Wata tsohuwa ta ce riƙe ni yake kar in tafi Kudu, don jikinsa ya ba shi. Inna takan saurare su duka, sannan ta koma kan nata. Ya kamata in faɗi cewa Inna ba ta wajen a ranar. Tana cikin gida tana tankaɗe. Abin da ta gani da idonta shi ne ranar da aka kawo hoton ta nuna masa, ya duba ya daɗe, ya ce, “Ashe farcena ya yi tsawo,” ya miƙa mata ya fita. Bai ce a ƙona ba, bai ce a ajiye ba.

Labarin ya fita har ya kai kunnen Baffa, wan Baba, wanda shi ne babba a gidanmu bayan rasuwar. Ya zo wata safiya, ya zauna a bakin ɗakin Inna ta waje, labule a tsakaninsu. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka yi wa mamaci addu'a, sannan ya gyara murya.

“Rabi, na ji wata magana. An ce akwai hoton marigayi a ɗakin nan.”

“Hannunsa ne kawai, Malam.”

“Hannun ba nashi ba ne? Mutum ya kiyaye abu tsawon ransa, ya kwanta dama kuma a riƙa yawo da shi hannu-hannu a tsakanin mata? Ni na san ƙanena. Lokacin la'asar ne, masallaci za shi, wannan ya tsaya ya tare mashi ƙofa da rigar Turawa, ya ture shi zai wuce, akwati ya kama shi. Shi ke nan labarin.”

“Da ture shi ya yi, ai da yaron ya karkace.”

“To ga wanda aka dafa nan zaune. Kai, faɗa mana. Dafa ka ya yi ko ture ka?”

Na nemi abin a kafaɗata ban same shi ba. Har yau da nake rubuta wannan ban tuna an taɓa ni a ranar ba. Na ce, “Baffa, ba zan iya rantsewa a kan ko ɗaya ba. Hankalina yana kan hula.”

“Ka ji ilimi,” in ji Baffa. Ya ce ba zai tayar da magana tana cikin takaba ba, amma ranar da ta fita zai dawo, a yanke gefen da hannun yake, a binne shi. Sauran hoton na ɗanta ne, ta yi yadda ta so da shi. Bai ce a miƙo ya gani ba, ko kallon wajen kwallar bai yi ba. Ba na jin mugunta ce ta kawo shi. Tsoro yake ji kar a riƙa yi wa ƙanensa abin da ba ya so alhali ba shi da bakin hanawa, kuma ban isa in ce tsoron ba shi da tushe ba.

Bayan tafiyarsa Inna ta daina ciro hoton idan an yi baƙi. Da rana idan gida ya yi shiru nakan hango ta ta buɗe ƙyallen a cinya. Yaya ce ta kasa haƙuri. Ta ce ai abin mai sauƙi ne, a kai wa mai hoto ya buga wani, babba, ta ɓoye a ɗakinta a Ƙofar Guga, Baffa ya zo ya yanke ƙaramin ransa ya yi sanyi. Na ce ina ganin wannan kamar yaudara ce ga babba, ya kamata a ƙara tunani. Ta ce, “Digiri, kafin ka gama tunani an binne mu duka.” Ta karɓi hoton a hannun Inna, ta ba mijinta ya kai. Shi kuma direba ne, yana sauri zai ɗauki hanya, abin da ya faɗa wa mai hoto kawai shi ne a yi babba, a gyara shi da kyau.

Lokacin sojoji na shirin miƙa mulki, gari ya cika da motoci masu lasifika da tutocin jam'iyyu. Duk bangon da ka duba fuskar ɗan takara ce, abin da da yawanmu ba mu saba gani ba. Mai hoto ya samu aikin da bai taɓa samu ba. Ranar da na je karɓo hoton na tarar da shagon cike da fuskoki a shanye a igiya, shi kuma yana sunkuye da ɗan buroshi siriri kamar tsinken kwalli.

“A'a, Malam mai digiri! Shigo ka ga aiki. Ka ga wannan Alhajin? Da abokinsa suka ɗauka, yanzu sun raba jam'iyya, ya ce in kori abokin. Duba da kyau, ka ga alamar an taɓa tsayuwa a nan? Wancan kuma tabon ƙyanda gare shi, na mayar mashi da fuska kamar ta ango.” Ya jawo wani babban kwali ya juyo da shi. “Ga naka. Wani ƙaton hannu ne ya shigo maka ta gefe, ko na wane ne oho, ya ɓata tsari. Na kore shi.”

Na duba. Ga ni, babba, fes, hula a karkace. Bayan kafaɗata duhun zaure ne kawai. Na tambaye shi ƙaramin. Ya miƙo mini. A kan ƙaramin ya yi aikin: ya shafe hannun da baƙin fenti har ya saje da duhun ƙofa, sannan ya sake ɗaukar hoton da akwati ya faɗaɗa. Haka yake yi wa kowa idan babu fim ɗin da aka wanko hoton daga cikinsa. Fim ɗin kuwa, ya ce, ruwan daminar bara ya shiga inda yake tara su, ya zubar. Na ce ko fentin zai wanku. Ya ce idan aka sa masa ruwa, fatar takardar ce za ta tashi gaba ɗaya. Sai a lokacin ya lura da fuskata, ya tambayi na wane ne. Na faɗa masa. Ya ajiye buroshin, ya yi salati, ya zauna a kan benci. Can ya ce, “Wallahi ni da ina leƙen akwati ban ga fitowarsa ba. Da na wanke na ga hannu, na so in gyara tun a lokacin, aiki ya sha kaina.” An ce ya gyara da kyau, ya gyara da kyau.

Na kai wa Inna duka biyun. Yaya na nan, ta ɗora hannu a ka ta fara kuka tana zagin mijinta da mai hoto da 'yan siyasa gaba ɗaya. Inna kuwa ta ɗauki babban ta kai bakin ƙofa wajen haske, ta duba ta daɗe, ta jingine shi a bango. Ta ce wa Yaya ta yi shiru, maƙwabta na ji.

Washegarin fitarta takaba Baffa ya zo da hantsi, da almakashi a aljihu, ɗaya daga cikin kayan aikin Baba. Na miƙa masa ƙaramin, na miƙa masa babban. Ya sa tabarau, ya duba wannan, ya duba wancan, ya juya bayansu.

“Ina hannun?”

Na gaya masa duk yadda aka yi, har da shawarar ɓoyewa, don ban ga amfanin rage wani abu ba. Ya kalli Yaya ta saman tabarau, ta sunkuyar da kai. Ya ce, “To. Allah ya rufa mashi asiri ba da hannun kowa ba. Rabi, hoton ɗanki ne, ki rataya inda kika so.” Ya mayar da almakashin aljihu ya tashi. Na raka shi. A cikin zaure, daidai inda Baba ke zama, ya tsaya yana gyara takalmi, bai kalle ni ba ya ce, “Tabon nan na babban yatsa, ya fito a ciki?” Na ce ya fito sosai. Ya ce, “Ni na huda shi muna yara, muna rigimar basilla.” Sai ya yi sallama ya fita.

A ranar Inna ta sa na buga ƙusa a saman jeren kwanukanta, na rataya babban, a fili, inda duk mai shigowa zai gani. Da yamma maƙwabciyar nan ta shigo yi mata barka da fita. Ina tsakar gida na ji Inna tana cewa, “Matso ki gani. Kin ga nan?” Na leƙa. Yatsanta yana kan kafaɗar rigar. Mai hoto ya kori hannun, amma bai taɓa rigar ba, kuma da yake ta koɗe, lotsawar da yatsu suka yi mata ta fito a fili a babban hoton, fiye da yadda take a ƙaramin. “Nan ya dafa,” in ji Inna. “Yana zaure yana aiki, ya ji an ce kar a motsa, sai ya ajiye basilla.” Matar ta kai fuska kusa, ta ja baya, ta ce, “Wallahi ga shi nan. Har da babban yatsa.”

Haka aka ci gaba. Shekaru suka wuce, mulki ya koma hannun soja ya sake dawowa, Inna tana nuna wa baƙi kafaɗata. Na sha haɗuwa da mutanen da suka girma a unguwarmu suna ce mini sun tuna hoton nan nawa mai hannun Baba, har su kwatanta jan yatsun, alhali hoton baƙi da fari ne kuma an haife su bayan an shafe hannun. Da farko nakan yi ƙoƙarin gyara musu, don ba na son a riƙe abin da ba haka yake ba. Daga baya na bari. Lotsawar dai tana nan, wani ne ya yi ta. Ko dafawa ce ko turewa, masu sani uku ne a wajen, ɗaya yana leƙen akwati, ɗaya yana fama da hula, ɗayan kuma bai faɗa ba.

Hoton yana ɗakina yanzu. Kwanakin baya jikata ta ɗauke shi da waya, don ta ji uwarta na maganar hannun. Ta buɗa shi da yatsu biyu har kafaɗar ta cika gilashin, ta juya wayar sama da ƙasa, ta ce, “Tsoho, an yaudare ku, babu komai a nan sai baƙi.” Na ce haka ne, babu. Ta ci gaba da dubawa, har na ɗauka ta koma wani abin. Can ta ɗago ta ce, “To wa ya danne maka riga a nan?”

Na ce ta ajiye wayar ta jawo tabarma. Na ba ta labarin, irin na Inna, tun daga ajiye basilla. Na Baffa na bar shi sai ta ƙara girma.